KAYAN ARON DA YA RUFE KATARA: RADDI GA MASU RAINA KIƊAN TAN DUN

Jama'a, ba da niyyar tsokana na ɗauki alƙalami ba, sai don abin da ya faru a daren da aka nuna mana faifan kiɗan ruwa na Tan Dun, mutumin ƙasar Sin. Tun kafin faifan ya kai rabi ɗakin ya kaure da dariya. Wani ɗan'uwa daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Wannan ai wankin kwanuka ne, ina kiɗan yake?" Wani kuma da ya fi shi karatu ya ce abin jemage ne, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi, Bature ba zai ce nasa ne ba, Basine ma haka. Na uku ya rufe taro da karin magana, wai kayan aro ba ya rufe katara. Aka tafa masa, aka watse. Ni kuwa na koma ɗaki abin yana ci mini rai, domin waɗanda suka yanke wannan hukunci ɗaliban adabi ne, mutanen da gobe za a ba su aikin wani su auna. In da irin wannan mudu za mu riƙa awo, to, akwai gyara.

Matsayina shi ne, aro iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake yafa shi a kafaɗa don a gani, akwai kuma wanda yake shiga jikin aiki har ya sauya masa tubali. Na farkon shi karin maganar take nufi, kuma na yarda da ita a kansa ɗari bisa ɗari. Na biyun kuwa shi ne tushen kusan duk wani sabon abu da kiɗan zamani ya samu daga ƙasar Sin. Laifin 'yan'uwana shi ne sun zuba su a ƙwarya guda.

Bari in fara da aron ado, don kada a ce na zo kare kowa da komai. Giacomo Puccini, mutumin Italiya, ya tsara wata opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, mai suna Turandot. Ya rasu a 1924 bai gama ta ba, aka fara nuna ta a birnin Milan a 1926. An ce labarin a Bejin ya faru, alhali kuwa Puccini bai taɓa taka ƙasar Sin ba. Wasu daga cikin karin waƙoƙin Sinawa da ya sa a ciki, har da sananniyar waƙar nan tasu ta furen yasmin, daga wani ɗan akwatin kiɗa ya ji su. Waziran sarki kuwa sunansu Ping da Pang da Pong, sunayen da ko yaro ya ji ya san na barkwanci ne. Ba na musun cewa wasan yana da daɗin ji. Amma ka cire waƙar yasmin ka sa ta wata ƙasa, ka sauya wa 'yan wasa tufafi, ginin yana nan daram, na Italiya tsantsa. Ƙasar Sin a nan kwalliya ce kurum. To, wannan shi ne kayan aron da ya bar katara a waje.

Yanzu sai mu dubi wanda aka yi wa dariya. An haifi Tan Dun a 1957 a lardin Hunan. Ya tashi a karkara yana ganin yadda ake bukukuwa da jana'iza, inda masu tsafin gargajiya suke fitar da sauti daga duwatsu da ruwa. Ƙuruciyarsa ta faɗo cikin zamanin Juyin Al'adu, daga 1966 zuwa 1976, lokacin da hukuma ta toshe kiɗan Turai da yawancin na gargajiya, aka bar mutane da 'yan wasannin da gwamnati ta amince da su. Shi ma an tura shi ƙauye ya yi shekara biyu yana dashen shinkafa, daga nan ya shiga wata ƙungiyar opera ta gargajiya yana yi musu goge. Da aka sake buɗe Babbar Makarantar Kiɗa ta Bejin, yana cikin ajin nan na 1978, tare da su Chen Yi da Zhou Long da Guo Wenjing. A 1986 ya tafi Jami'ar Kolombiya a birnin Niyok. Ina so mai karatu ya lura da jerin nan: ƙauye tukuna, sannan dandalin gargajiya, sannan makaranta, sannan ƙasar waje. Mutumin da ya bi wannan hanya, in ya kawo ruwa da dutse dandali, kayan gidansu ya ɗauko. Abin da ya ara shi ne okestira, wato babban taron makaɗan nan na Turai da ke kaɗawa a ƙarƙashin jagora guda. Ashe ma ɗan'uwana bai tantance wane ne mai aro ba, balle ya san abin da aka ara.

Ga mai cewa ruwa ba kayan kiɗa ba ne, ina da amsa biyu. Ta farko daga ƙasar Sin take. Tun zamanin daular Zhou, shekaru aru-aru kafin haihuwar Annabi Isa, Sinawa sun kasa kayan kiɗa gida takwas, kuma bisa ga abin da aka yi su da shi suka kasa su: ƙarfe, dutse, yumɓu, fata, siliki, itace, duma, da karan gora. Wato a tunaninsu kowane abu a duniya yana da muryarsa, aikin makaɗi shi ne ya fito da ita. Wanda ya tashi cikin wannan tunani, ƙara ruwa da takarda a kan takwas ɗin nan taki ɗaya ne kacal. Amsa ta biyu kuwa a bakin ƙofarmu take. Wanda ya taɓa tsayawa wurin kiɗan amada ya ga yadda mata suke kifa ƙwarya a cikin ruwa su kaɗa ta, kuma da irin wannan kiɗa marigayiya Barmani Coge ta yi sunan da ta yi. A kiɗan Tan Dun ma akwai akusa da ake kifawa a kan ruwa a doka. Abin mamaki, mu da ya kamata mu riga kowa ganewa, mu ne muka riga kowa dariya.

Shi wannan kiɗan ruwa an tsara shi a 1998, babbar okestirar Niyok ta fara kaɗa shi a 1999. Makaɗin yana tsaye gaban manyan kwanuka masu garai-garai cike da ruwa, an haska su da fitila daga ƙasa, an kafa na'urar ɗaukar sauti kusa da su. Yana mari, yana ɗiga, yana tsoma farantin tagulla bayan ya doke shi, sai ka ji sautin ya lanƙwashe ya yi ƙasa, domin ruwa yana rage saurin karkarwar ƙarfe. Ka ga a nan mai tsara kiɗa shi kaɗai ba zai iya ba. Ba don injiniyan sauti ba, ɗigon ruwa ba zai kai kunnen na bayan zaure ba. Ba don mai fitila ba, rabin ma'anar ta tafi, domin aikin na ido ne da kunne gaba ɗaya. Su kuma masu goge da masu busa dole suka sake hannu, suka koyi zamewa da gurnani irin na ruwa, don in sun kaɗa yadda suka saba za su danne shi. Ruwan ya tilasta wa kowa a dandalin ya sauya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Wani zai ce ai John Cage, Ba'amurke, ya riga shi wasa da ruwa a dandali tun shekarun 1950. Gaskiya ne, kuma Cage hujja ce a gare ni. A 1951 ya tsara wani kiɗan piyano ta hanyar amfani da I Ching, tsohon littafin duba na Sinawa mai alamomi 64. Yakan jefa kwabbai, abin da ya fito shi zai nuna masa sautin da zai sa, da tsawonsa, da ƙarfinsa. Ka saurari kiɗan daga farko har ƙarshe, ba za ka ji karin waƙar Sinawa ko guda ba. Duk da haka tasirin Sin a cikinsa ya fi na Turandot zurfi nesa ba kusa ba, domin abin da ya taɓa shi ne tambayar wa ke da ikon zaɓen sauti, mai tsarawa ko ƙaddara. Mutum yana iya ƙin jinin sakamakon, ni ma ba kullum nake iya jure shi ba. Amma ba mai cewa ado ne.

Haka kuma Chou Wen-chung, malamin da ya jawo su Tan Dun zuwa Kolombiya, wanda ya rayu daga 1923 zuwa 2019. Shi ya ɗauki darasinsa daga guqin, tsohon abin kiɗan masana na Sin mai tsirkiya bakwai. A wurin makaɗin guqin sauti guda rayayyen abu ne: yadda aka taɓa shi, yadda ya zame sama ko ƙasa, yadda ya yi rawa kafin ya mutu, duk ma'ana ce. A kiɗan Turai na da kuwa, sauti kamar bulo ne, sai an jera da yawa ake samun gini. A aikinsa Yü Ko na 1965, Chou ya sa kayan kiɗan Turai zalla suka yi wannan lanƙwasa. Mu ɗaliban harshe bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa. A Sinancin Bejin gaɓar "ma" tana iya zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon hawa da saukar murya, kamar yadda mu ma da murya muke raba kukan yaro da kukar miya. Al'ummar da ma'anar maganarta ke rataye a kan lanƙwasar murya, dole kunnenta ya bambanta da na Bature. Wannan kunne shi ne babbar kyautar da Sinawa suka kawo wa kiɗan zamani, ya fi ƙarfin 'yan matakan sautin nan biyar da ake kaɗawa a fim duk lokacin da aka nuno Basine.

Sai batun jemage, wato zargin cewa haɗa fannoni yana haifar da abin da ba shi da dangi. Tarihin Sin kansa ya ƙaryata wannan. A 1584 wani ɗan sarautar daular Ming, Zhu Zaiyu, ya yi lissafin yadda za a raba tsanin sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, tsarin da a kansa ake ɗaure piyano a yau. Masanin lissafi ne ko makaɗi? Duka biyun, kuma da ya tsaya a ɗaya da bai gano ba. A 1978 kuma masu binciken kayan tarihi suka tono kabarin wani basarake mai suna Yi a lardin Hubei, wanda aka binne wajen shekara ta 433 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki suka tarar da ƙararrawar tagulla 65 a rataye, kowace tana ba da sauti biyu daban, gwargwadon inda aka doke ta. Sai da masu tarihi da maƙera da masana sauti suka haɗa kai kafin a ƙera kwafinsu. Da irin wannan kwafi Tan Dun ya yi kiɗan bikin mayar da Hong Kong hannun Sin a 1997, tare da Yo-Yo Ma mai babban gogen nan da ake kira celo, da ƙungiyar yara mawaƙa. In da kowa ya tsare ƙofar sashensa, da ƙararrawar tana nan bayan gilashi a gidan tarihi, bebiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne aikin da ya kira Taswira, wanda okestirar Boston ta fara kaɗawa a 2003. Tan Dun ya ba da labarin cewa a 1981 ya haɗu da wani tsoho a yammacin Hunan mai kiɗa da duwatsu, da ya koma nemansa bayan shekaru sai ya tarar ya rasu da fasaharsa. Wannan ya sa ya ɗauki kyamara ya shiga ƙauyukan ƙabilun Tujia da Miao da Dong yana ɗaukar masu busa ganye da masu waƙa. A dandali sai a haska hotonsu a bango, wata budurwa 'yar Miao ta rera daga cikin majigi, mai celo ya amsa mata a raye. Ita ke ja, shi ke bi. A ƙarshen wannan shekara aka kai aikin tsohon garin Fenghuang aka kaɗa shi a fili gaban mutanen yankin. Bayan shekara goma, a 2013, ya sake irin wannan da Nushu, rubutun da mata kaɗai suke amfani da shi a gundumar Jiangyong, wanda tsohuwar da ake ɗauka ita ce ta ƙarshe da ta gaje shi tun daga gida, Yang Huanyi, ta rasu a 2004. Ya haɗa gajerun finafinai 13 na matan da ke rera waƙoƙin, okestira tana raka su. A nan aikin mai nazarin al'ada da na mai ɗaukar hoto da na makaɗi sun zama igiya guda, ka zare ɗaya sauran su warware. Wane sashe na jami'a ne zai iya wannan shi kaɗai?

Kada a ɗauka ina cewa Tan Dun ba ya kuskure, ko kuwa 'yan'uwana ne suka fara sukarsa. A gida ma an soke shi. A 2001, a wani shirin talabijin na Bejin, tsohon jagoran makaɗa Bian Zushan ya caccaki irin wannan kiɗa nasa, har Tan Dun ya tashi ya bar wurin. A ganina ficewar nan kuskure ce, domin wanda ya kawo sabon abu wajibinsa ne ya zauna ya kare shi. Akwai kuma zargi mai nauyi, cewa kasuwar Turai da Amurka tana son Basinen da zai sayar mata da baƙon abu, kuma mai fasaha yana iya faɗawa wannan tarko. Bayan ya ci kyautar Oscar a 2001 saboda kiɗan fim ɗin Ang Lee, Crouching Tiger, Hidden Dragon, ƙofofi sun buɗe masa ko'ina. A 2006 babban gidan opera na Niyok ya nuna wasansa kan Sarkin Sin na Farko. An tara manya: Plácido Domingo a matsayin sarki, Zhang Yimou mai shirya finafinai yana ba da umarni, marubuci Ha Jin ya taya rubuta baitoci. Amma da Ingilishi aka rera yawancinsa, kuma masu sharhi da dama sun ce ya yi tsawo, waƙoƙin kuma sun koma kama da na Italiya. Ni ma ra'ayina ke nan. Da aka bar Sinanci aka bar karin sautinsa, sai gangunan da tufafin suka koma kwalliya. Tara manyan sunaye daban, haɗin gwiwa daban. Wanda ya yi Taswira shi ne a nan ya kusa komawa gidan Puccini.

Wannan faɗuwa tasa ita ce ta ƙara tabbatar mini da mudun da nake so mu riƙa awo da shi. In aka kawo mana aikin da ya haɗa al'adu ko fannoni, tambaya ta farko ita ce, in an cire abin da aka aro, ginin zai tsaya ko zai rushe? In ya tsaya, ado ne. Ta biyu, su waɗanda aka gayyato, mai hoto ko mai rawa ko tsohuwar ƙauye, sun sauya wani abu a aikin, ko kuwa an kira su ne bayan an gama dahuwa su zo su yi rakiya? Akwai kuma tambayar da har Taswira ba ta kuɓuta daga gare ta ba: sunan wa ke kan allon talla, kuma aljihun wa kuɗin ke shiga? Duniya ta san Tan Dun, amma mutum nawa ne za su iya kiran sunan budurwar da celo ya bi muryarta? In da nan 'yan'uwana suka kafa sukarsu, da na tsaya a bayansu. Sai suka bar jaki suna dukan taiki.

Abin da ya rage shi ne in ce da ɗan'uwana mai karin magana, ka yi gaskiya rabi. Kayan aro ba ya rufe katara matuƙar an bar shi yadda aka karɓo shi. Amma in mai shi ya san awon jikinsa, ya warware ɗinkin, ya kira maɗinki da marini suka zauna tare, to, ranar da ya fito da rigar ba mai ce masa ta aro ce. Okestira ta Turai ce, amma a hannun ajin 1978 ta koyi lanƙwasa murya irin ta Sinanci, har ɗaya daga cikinsu, Zhou Long, ya ci kyautar Pulitzer ta kiɗa a Amurka a 2011 da opera kan tatsuniyar Sinawa ta Farar Macijiya.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya su sake sa mana faifan nan, a kuma gayyato 'yan sashen kimiyyar sauti da na wasan kwaikwayo da na tarihi su zauna tare da mu. A wannan karon a bari ya kai ƙarshe kafin kowa ya buɗe baki. Wanda ya saurara har ƙarshe ya ce bai yi masa ba, haƙƙinsa ne, sai ya kawo hujjarsa a fitowa ta gaba, ga fili ga mai doki. Wanda kuwa ya yi dariya tun a minti na biyar, ba Tan Dun ya yi wa hukunci ba, kunnensa ya tona wa asiri.